Mota na bisa hanya, amma ta san garinmu?

Ƴan uwana mata, wace ce cikinmu ba ta taɓa kwana zaune gaban mai naƙuda ba, kunne na wajen hanya? Ni dai na kwana. Damanar bara, ɗiyar ƙanwata ta ɗauko haihuwar fari, abu ya ƙi. Muka kira likita, aka ce ambilans ta taso. Direba ya bar gudoro, ya shiga rairayi cikin dare, sai ga shi wani gari mai suna irin namu, can gaba. Mu muna jira, shi yana bugun ƙofofin mutane. Da ya iso, an kusa kiran asalatu. Allah ya yi da sauran kwana, uwa da ɗa sun rayu, amma ba don dubararmu ba.

Tun ranar nike tambaya, har wani ɗan lakkal ya zaunar da ni ya fayyace mini. Cikin babbar salula akwai abin da ake ce ma GPS. Taurarin ɗan adam ne, can sama wajen kilomita 20,000, ke aiko sigina; in waya ta kama huɗu daga cikinsu, sai ta san inda take. In an sa irin wannan na'ura cikin mota, mai kula da kwamfuta zai ga motar kamar ɗigo yana tafiya bisa taswira, ya san wadda ta fi kusa da mara lafiya.

Ba tatsuniya ba ce. Nan kusa da mu, a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya, an ba masu rigakafin shan inna wayoyi suna yawo da su gida-gida. Da marece a kwashe sawunsu a ɗora bisa taswira, a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake. Sai dai kafin nan, sai da aka sake zana taswirar, don ƙauyuka da ruggage da yawa ba su ciki. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan innar daji.

Nan ne zancen ya taɓa mu. Na'ura na ganin mota, amma ba ta san abin da ba a shaida mata ba. Daga Gidan Runji zuwa Agye da Gazawa gudoro ɗaya ce, kowa ya san ta. To, in an sauka fa? Wa ya rubuta cewa in Gulbin Maradi ko Gulbin Kaba ya kawo ruwa, sai an zagaya? Wa ya sa sabbin matsugunan ƴan gudun hijirar da suka shigo Gidan Runji tun 2019? Mu masu ɗiban ruwa da cin kasuwa mu muka san wannan.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi muke riƙe da littafin zubi, dala ba ta ɓata. Shafi guda za mu ƙara. A ƙungiyarmu mun tsaya bakin rijiyar gari, yaro ya danna wurin a WhatsApp, muka aika ma majo da direba suka aje. Mun rubuta hanyar rani da ta damana, da masu amalanke da kabu-kabu, da tudun da ake samun rezo. Daga asusun taimako muka ware kuɗin kiredi da cajin waya guda.

In kuwa an ɗora mace a amalanke don a tari mota a hanya, mai rakiya ta kunna nuna wuri na kai tsaye, akwai na awa ɗaya da na awa takwas, direba na ganin inda suka kawo.

Amma a kiyaye, musamman ku na bakin iyaka. Ba a aika wannan cikin gurup ɗin kowa da kowa. Majo da direba, shi ke nan. Da an isa likita a kashe shi.