IN HOTON SITO YA ƁACE A WAYA, GA INDA AKE DUBAWA

Mas'alarmu a wannan fitowa ita ce kamarar tsaro. Da yawanmu muna kwana a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, dukiyarmu kuwa tana kwana a Dawanau, can hanyar Katsina: gero da masara da wake jibge a sito, wani ma kayan amana ne. Shi ya sa aka kafa kamara, don mutum ya ga ƙofar sitonsa a waya yana ɗakinsa. To ga shi kuka ya yi yawa. In kana cikin sito hoto tangaran, da ka hau titi sai allo ya yi baƙi.

Ku sani abu uku ne ke wannan aiki. Akwai kamara. Akwai akwatin da ke naɗar hoto, wanda masu gyara ke ce wa DVR. Akwai rauta, mai fitar da hoton zuwa intanet. Muddin talabijin ɗin sito yana nuna hoto, akwatin kuma yana naɗa, to su biyun lafiyarsu lau, cutar tana hanya. Kada wani ya ce maka sai an sayi sabon akwati.

A fara da mai sauƙi. Na ɗaya, wuta. Wasu sukan ɗora akwati a kan sola, su bar rauta a wutar gari. Ana ɗaukewa sai hanya ta yanke, akwati kuwa yana ta naɗa. Na biyu, layin da ke cikin rauta. A duba ko data ta ƙare, a duba ko an haɗa shi da lambar NIN, don hukumar NCC ta sa 14 ga Satumba 2024 ya zama wa'adin ƙarshe, layin da ba a haɗa ba an rufe shi. Na uku, igiyar da ta taso daga akwati zuwa rauta. Sito gidan ɓera ne, kuma ɓera ba ya raina igiya. In 'yar fitilar bakin ramin igiyar ba ta ƙiftawa, a sake wata.

In duk wannan lafiya, sai a zo kan adireshi. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambarta. In an sauya rauta, akwati kuwa yana riƙe da tsohuwar lamba, misali mai farawa da 192.168.1 alhali sabuwar tana ba da 192.168.8, ba za su ji maganar juna ba. Maganinsa a shiga saitin akwati a kunna DHCP, ya karɓi sabuwar lamba da kansa. A gurbin DNS kuma a rubuta 8.8.8.8.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Tsohuwar dabara ita ce a buɗe ƙofa a rauta: 80 da 554 da 8000 ga akwatin Hikvision, 37777 ga na Dahua. Wannan tana aiki ne in rautarka tana da adireshinta na kanta a intanet. Rauta mai layin waya kuwa galibi ba ta da shi, don kamfanin sadarwa yakan tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya, ɗakuna ba suna: na ciki zai iya fita, amma baƙo ba ya gane ɗakin da zai ƙwanƙwasa. Ko mai gyara ya wuni yana buɗe ƙofofi, aikin banza ne.

Mafita ita ce a bi ta hannun dillali. Masu ƙera akwatin suna da tasu kwamfuta a intanet. Akwati ya fita ya same ta, wayarka ma ta same ta, sai ta haɗa ku. Manhajar Hikvision ita ce Hik-Connect, ta Dahua ita ce DMSS. A kunna wannan a saitin akwati, a jira ya nuna yana kan layi, sa'an nan a haska tambarinsa mai ɗigo-ɗigo da waya.

Tanbihi biyu, kuma su ne mafi nauyi. Akwatin Hikvision asusu ɗaya yake ɗauruwa da shi, sauran sai mai asusun ya ba su izini. In mai gyara ya ɗaure shi da lambarsa, shi ne mai sito a ido, kai ɗan kallo ne, ran da kuka ɓata kuma ka rasa hoto. A buɗe asusu da lambarka, a gabanka. Na biyu, kalmar sirri. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame kamarori da akwatunan naɗi masu ɗimbin yawa a duniya, ba da wata gwaninta ba, sai don masu su sun bar kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Wanda ya ga cikin sitonka ya san yawan buhu, ya san lokacin da maigadi ke barci. A sauya ta, in yaron shago ya bar aiki a sake sauyawa.

A kuma daidaita agogon akwati, don hoton da kwanan watansa ya karkace shaida ce mai rauni ran da buhu ya ɓata. Wajen kallo a zaɓi ƙaramin hoto, ya fi sauƙin data, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin sadarwa a Janairun 2025.

Ƙarshe, ko a kasuwar waya ta Farm Centre ka ɗauko mai gyara ko a ina ne, kada ka sallame shi sai ka kashe waifai ɗin wayarka, ka kunna datarka, ka fita bakin titi ka ga sitonka da idonka. Ba a biyan kuɗin hatsi sai an auna. Allah Ya tsare mana dukiya, Ya ba da kasuwa. Wassalam.