Fifita Dangi: Ina Zumunci Ya Tsaya?

Duk lokacin da gwamnati ta yi naɗe-naɗe mukan ji wata kalmar Turanci a rediyo, wato nepotism. Da Hausa fifita dangi ke nan: a ba mutum muƙami ko rabo saboda jini, a tsallake wanda ya cancanta. A tasha ko kasuwa, daga Birnin Kudu har Gwaram, ba a jan zancen, sai a ce, "Ai wa-ka-sani ne."

A cikin ikkilisiya aka haifi kalmar. Da Latin, nepos na nufin jika ko ɗan ɗan'uwa. A 1456 Fafaroma Kalistus na 3 ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa, Rodrigo Borjiya, kadinal, daga baya shi ma ya zama Fafaroma. Sai a 1692 aka kafa dokar da ta taka wa al'adar burki. Amma kada mu yi saurin nuna wa wasu yatsa. Annabi Sama'ila kansa, da ya tsufa, ya sa 'ya'yansa Yowel da Abaija alƙalanci a Biyasheba. Suka shiga cin hanci, har jama'a suka ce gara a naɗa musu sarki (1 Sama'ila 8).

To, taimakon ɗan'uwa laifi ne? A'a. Manzo Bulus ya tsawata wa mai bin da ba ya kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8), a wannan sura kuma ya gargaɗi Timoti kada ya nuna son kai (aya 21). Tambayar ita ce, da kayan wa ka yi kyautar? In ka buɗe rumbunka ka auna wa ƙanenka gero, zumunci ka yi. In takin da aka aiko wa masu bi ne ka fara da gidanku, ka ci amana, ko da ƙanen naka mabukaci ne.

Abin ya fi wuya a wurinmu, domin ikkilisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne, kusan kowa ɗan'uwan kowa ne. Wani lokaci wanda ya iya lissafi shi ne surukin fasto. Ba za mu hana shi riƙon kuɗi don haka ba. Sai dai fasto ya fita daga majalisar dattawa sa'ad da ake zaɓen, mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga baiko, a kuma karanta lissafin a gaban jama'a kowane wata.