Ɗaliban Manyan Makarantu da Bibiyar Kuɗin Jama'a

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba sai ya bi ta hannun gwamnoni ba. Kason ya kai kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa. Amma ko da an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata, talaka na nan da tambayarsa: nawa aka turo wa ƙaramar hukumarmu, kuma me aka yi da shi?

Akasarin amsar na nan a rubuce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman rabon kowane wata. Kasafin kuɗin tarayya yana ɗauke da jerin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, waɗanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuwa ta wajabta wa hukuma amsa buƙatar ɗan ƙasa cikin kwana 7. Matsalar ita ce duk wannan da Turanci yake, a jibge cikin dubban shafuka a intanet, inda mai unguwa da shugabar ƙungiyar mata ba za su taɓa leƙawa ba.

A nan ɗaliban jami'o'i da kwalejoji za su yi rana. Sun iya karanta takardun, suna jin harshen mutanensu, kuma da wuya a sami gundumar da ba ta da ɗa ko 'ya a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko wata kwalejin ilimi. Da an ba da hutu, gida suke komawa. An ma ga misali: shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2014, shirin UDEME na cibiyar CJID kuma ya horar da ɗalibai 'yan jarida kan irin wannan aiki.

Aikin ba ya buƙatar kayan tsada. Ɗaliba ta ga layi a kasafi cewa za a gina ajujuwa uku a firamaren garinsu. Sai ta je ta ƙirga ajujuwan, ta ɗauki hoton allon kwangila, ta tambayi hedimasta yaushe leburori suka ɗauke ƙafa, ta duba ko an yi rufi da daɓe. Daga nan ta rubuta shafi guda da Hausa, a karanta a taron iyayen yara ko a gidan rediyo.

Sai dai a yi hattara. Ɗan siyasa na iya mayar da yaran 'yan amshin shatansa, wani kuma ya turo musu 'yan daba. Kuskuren alƙalami ɗaya na iya ɓata sunan mai gaskiya. Shi ya sa ya fi dacewa sassan aikin jarida, kimiyyar siyasa da akanta su sanya wannan aiki cikin manhaja, da maki da malami mai tantancewa, a kuma riƙa fitar da rahoto da sunan makaranta. Kowane aji ya miƙa wa na bayansa kundin gundumar da ya bibiya, don kada aikin da aka yi watsi da shi bana ya sake bayyana a kasafin baɗi a matsayin sabo ba tare da an gane ba.