Injin fere katako na hannu: a kula da shi ko ya yi shiru

Da zarar damina ta kankama, ƙofofi da tagogin katako sukan sha danshi su kumbura, har ƙofar da ke rufuwa lafiya da rani ta riƙa cijewa. A da, kafinta yakan rage bakinta da abin fira na hannu, wanda ake turawa da ƙarfin damtse. A yau ƙaramin inji mai aiki da lantarki, wanda ake kira rabot électrique da Faransanci, ya shiga shagunan kafintoci daga Yamai zuwa Damagaram, har ma da wasu gidajenmu. Ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai yana da haɗarin da ya kamata mai gida da mai koyon sana'a su sani.

Yadda yake yanka

A cikinsa akwai ƙarfe mai siffar ganga ɗauke da wuƙaƙe biyu, masu faɗin milimita 82 a galibin irin da ke kasuwa. Gangar tana juyawa kimanin sau 16,000 a minti ɗaya, wato wuƙaƙen suna sara fiye da sau 500 a daƙiƙa guda. Kafin mutum ya ji zafi ya janye hannunsa, sun riga sun sare shi kusan sau ɗari. Kuma ba irin yankan wuƙar kicin ba ne da likita ke iya ɗinkewa: naman yake askewa kamar yadda yake aske katako, abin da ya tafi da wuya ya dawo.

Lokuta uku na shammata

Yayin da inji ke ƙara kowa yana tsoronsa, shi ya sa ake riƙe shi da kyau. Abin da muke so a lura da shi shi ne lokacin da ake zaton ya huta.

Na farko, bayan an saki makunni. Gangar tana ci gaba da juyawa na wasu daƙiƙoƙi. Wanda ya ajiye injin a kan teburi a wannan hali, wuƙar za ta kama teburin ta cilla shi, wanda kuwa ya sauke shi a gefen cinyarsa ya miƙa mata tufafinsa da namansa. A jira ya tsaya cak, sannan a ɗora gabansa a kan guntun katako don kada wuƙar ta taɓa komai.

Na biyu, lokacin da aka ɗauke wuta, abin da muka saba da shi a garuruwanmu. Wasu injunan suna da ɗan maɓalli mai riƙe makunni a kunne. Idan wuta ta tafi aka manta ba a saki maɓallin ba, da ta dawo injin zai tashi da kansa, ko yana ƙasa, ko yana hannun yaro. Saboda haka, wuta na tafiya a kashe shi, a zare wayarsa daga bango.

Na uku, lokacin sauya wuƙa ko share ɓawon katakon da ya toshe mafita. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. A zare waya, idan mai batir ne a cire batirin, kuma a yi sharar da ɗan tsinke, ba da yatsa ba. Bayan sauya wuƙa a ɗaure kusoshinta tam, domin wuƙar da ta kuɓuce a cikin wannan gudu ba ta da bambanci da harbi.

Kafin aiki da lokacin aiki

A bincika katakon da kyau, musamman tsohon da aka kwance daga rufi ko akwati. Ƙusa guda tana iya fasa wuƙar ta watso ɓarɓashinta a ido. A ɗaure katakon a kan teburi. Kada a riƙe shi da hannu ɗaya a tura inji da ɗayan, kada kuma a ce wa yaro ya dafe shi. Ƙofa kuwa a cire ta daga mazauninta, a sauke ta ƙasa, maimakon a hau kujera ana fere ta sama da kai.

Babbar riga, jelar rawani, carbi a wuya da hannun riga mai faɗi duk abin kamu ne ga ganga mai juyawa, don haka a tuɓe su. A sa tabarau na kariya da abin toshe kunne, a rufe hanci da baki. Ƙurar katako ba abin rainawa ba ce: tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar dajin kogon hanci. Kada a yi aiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko da waya mai ƙujewa da aka naɗe da leda.

A riƙe injin da hannu biyu, a ɗora gabansa a bakin katako ba tare da wuƙar ta taɓa ba, a kunna, a bari ya kai cikakken gudunsa, sannan a tura a hankali. A danna gaba wajen farawa, a danna baya wajen ƙarewa, waya kuma tana bayan mai aiki. Kada a zurfafa yanka: rabin milimita zuwa milimita ɗaya ya wadatar a kowace turawa. Sannu ba ta hana zuwa. A tuna kuma cewa ƙofar da ta kumbura da damina za ta tsuke da hunturu, wanda ya rage ta da yawa zai kwana da iska da ƙura.

Idan tsautsayi ya auku

A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a garzaya asibiti. Kada a zuba toka, ƙasa ko baƙin mai. A tambayi likita batun allurar rigakafin sandarewar jiki.

Kiranmu na ƙarshe ga iyaye ne da iyayen gidan sana'a. Yaron da aka kawo koyon aiki amana ce, da yatsunsa goma zai ci abinci har tsufansa. Kada a ba shi wannan inji sai ya mallaki hankalinsa, kuma babba yana tsaye a kansa. A gida kuwa, idan an gama aiki a share ɓawon katako saboda gobara, a kulle injin inda hannun yara ba ya kaiwa. Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a sana'o'inmu.