Kwanan ruwa a hunturu: Yadda masuntan Aljirif ke fama da sanyin Nilu

Wanda ya san Khartoum da rana kawai zai yi dariya in aka ce masa sanyi na iya kwantar da mutum a nan. A watan Janairu zafin rana yakan kai digiri 30, amma da dare ya raba sai ya sauko wajen 15, wasu dararen ma ƙasa da 10. Mutanen gari suna kiran lokacin shita, sanyin kuma su ce masa sagat. Mu dai hunturu muka sani, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa takan keto hamada ta sauka a kan kogi babu abin da ya tare ta.

Aljirif unguwanni biyu ne da ke kallon juna a gaɓar Shuɗin Nilu, ta Yamma a ɓangaren Khartoum, ta Gabas kuma a tsallake, inda aka san ta da gasa jan bulo. Daga nan ruwan yake gangarawa zuwa Mugran, kusa da tsibirin Tuti, ya haɗu da Farin Nilu. Hausawa sun daɗe a bakin waɗannan koguna. Wasu hanyar Hajji ce ta kawo kakanninsu, wasu kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Su na cikin sana'o'in da aka san su da ita a Sudan, tun daga Shuɗin Nilu har madatsar Jabal Auliya da aka kammala a 1937.

Me ya sa sai da dare?

Kasuwa ce ta tsara haka. Kifi yana so ya isa kasuwar Maurada ta Omdurman da sassafe, tun bai canza ba. Don haka ake shimfiɗa raga ko a ɗana mamari da yamma, a kwana ana dubawa, a kwashe kafin gari ya waye. Karfasa, wadda 'yan gari ke kira bulti, da tarwaɗa da kurungu, da giwan ruwa in an dace, su ne kuɗin cefanen gobe. Sanyin dare yana taimaka wa kifi ya daɗe bai lalace ba ko babu ƙanƙara, amma shi mai kamawar shi ke biyan farashin.

To, mene ne yake sa digiri 12 ya zama haɗari? Abu uku ne suke haɗuwa: jiƙewa, iska da gajiya. Ruwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Masunci kuwa hannunsa a ruwa yake, raga tana ɗiga a ƙirjinsa, ƙafarsa na cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi. Iska ta buga rigar da ta jiƙe, ɗumin ya tafi. Sanyin ya fi tsanani dab da ketowar alfijir, daidai lokacin da ciki ya zama fayau, ido ya yi nauyi, ga kuma jan raga.

Kaya biyu, ba ɗaya ba

Dabarar farko ita ce raba kayan aiki da kayan zama. Na aiki dole su jiƙe, wannan ba makawa. Na zama kuwa a ƙulle su cikin leda, kada ɗigo ya taɓa su, da an gama duba raga a tuɓe jiƙaƙƙun a goge jiki a sa busassu. Mutane da yawa suna ƙyuyar tuɓewa cikin iska, sai su ɗora bargo a kan jiƙaƙƙiyar riga. Minti ɗaya na tuɓewa ya fi awa uku na rawar ɗari.

Auduga in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, kuma ba ta saurin bushewa. Suwaita ta ulu ko ta roba ta fi ta nesa ba kusa ba. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyi, sannan a ɗora rigar leda a sama don tare iska da feshin ruwa. A rufe kai da kunne da wuya, ko da rawani ne ko hular sanyi. A zauna a kan katako ko buhu, kada a zauna kai tsaye a gindin jirgi.

Sai dai a kula: bargo da jallabiya na zama ne. Wanda ya miƙe jan raga yana naɗe da bargo, in ƙafa ta zame ya faɗa, kayan za su ɗaure masa hannu ko da ya iya iyo. Wanda ba shi da rigar ceto, ya ɗaura jarka marar komai mai murfi a kusa da shi.

Ciki da wuta

Jiki da abinci yake hura wutarsa. Ful da burodi kafin a shiga ruwa, dabino da gyaɗa a aljihu, shayi mai sukari a fulas, waɗannan ba almubazzaranci ba ne. Taba kuwa tana matse jijiyoyin jini, yatsu su ƙara sandarewa. Ƙwayoyin da wasu matasa ke sha wai don hana barci ko jin sanyi suna ɓoye alamar haɗari ne kawai, jikin yana ci gaba da hucewa.

Kaskon gawayi, wanda ake kira kanun a nan, abokin masunci ne a gaɓa, amma yana kisa in aka rufu da shi. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda take kama jini fiye da iskar numfashi sama da ninki 200. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne gargaɗinta. Kada a kwana da garwashi cikin bukkar leda ko rumfar da aka toshe ko'ina. A ɗuma jiki a fili, a kashe wutar, sannan a shiga.

Ka duba abokin aikinka

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, kuma in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Matsalar ita ce mai abin ba ya ganewa. Sai dai na kusa da shi ya lura: rawar ɗari mai ƙarfi, hannu ya kasa ƙulla igiya, magana ta fara sarƙewa, barci ya rinjaye shi. In rawar ɗarin ta tsaya alhali mutum yana ƙara rikicewa, abin ya yi nisa ke nan. A fita gaɓa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da kai, a ba shi abin sha mai ɗumi in yana cikin hayyacinsa. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kara shi da wuta, a nemi asibiti. Shi ya sa kwanan ruwa ba na mutum ɗaya ba ne.

Akwai kuma batun Asuba. Wasu sukan yi wankan wajibi a kogi cikin wannan iska don gudun rasa sallah. Malaman Malikiyya sun halatta taimama ga wanda yake tsoron ruwa zai jawo masa ciwo kuma ba shi da hanyar ɗuma shi, kuma an ruwaito Amru ɗan Asi ya yi haka a wani dare mai sanyi, Manzon Allah (SAW) bai hana ba. Wanda yake da buta da wuta, ya ɗuma ruwansa. Wanda yake shakka, ya tambayi limamin unguwa tun kafin ya shiga jirgi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa unguwannin Khartoum da Omdurman, kuma da yawa daga waɗanda suka dawo sun tarar an kwashe musu gida, har bargo sai an sake saya. A irin wannan hali mutum yakan ce bari in fara sayen raga, suwaita ta jira. Amma magidancin da ciwon ƙirji ya kwantar mako biyu ya yi asarar da ta fi kuɗin suwaita da rigar leda. Dattawan sana'a da masu jiragen da ke ɗaukar yara aiki, nauyin yana wuyanku: kafin jirgi ya bar gaɓa, ku tambayi yaron nan ina busassun kayansa, kuma me ya ci.