Hisabin Mai Kafin Sayen Babbar Jif

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, har litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, sa'an nan ta ƙetare naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, magidanta da yawa waɗanda a da ba su duban kome a jikin mota sai kyan fenti da taushin kujera sun farga cewa akwai mas'alar da ta fi waɗannan nauyi, watau yawan man da take sha. Mas'alar kuwa ta fi tsanani a kan manyan jif-jif na alfarma da ake saye domin ɗaukar iyali, gama sha'aninsu sha'anin ingarman doki ne, wanda sau ɗaya ake biyan kuɗinsa a kasuwa, amma harawarsa da dawarsa kullum ne.

Bari mu ɗauki Lexus LX 570 ta zama misali, tun da yake sananniya ce a titunanmu, kuma ita ce 'yar'uwar Toyota Land Cruiser ta wajen ƙira. Injinta mai silinda takwas ne, girmansa lita 5.7, nauyinta kimanin kilo 2,700, ninkin nauyin Corolla ke nan, kuma ƙafafunta huɗu duka suna ja a kowane lokaci. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke gwada motoci ta buga sakamakon, ta ƙaddara wa ƙirar 2021 mil 12 a galan ɗaya cikin gari, da mil 16 a babbar hanya, da mil 14 in an gwama. In aka juya wannan zuwa ma'aunin da muke sayen mai da shi, lita ɗaya tana kai ta kimanin kilomita 5 cikin gari, ko kusan 7 a babbar hanya, alhali Corolla na cin kimanin kilomita 13 da litar nan guda. A ƙaddara magidanci yana tafiyar kilomita 15,000 a shekara: jif ɗin za ta sha lita 2,500, watau naira miliyan biyu da rabi in lita na naira 1,000, ƙaramar motar kuwa ba za ta kai lita 1,200 ba.

Wannan shan mai ba aibi ba ne a jikin motar, bal ma ɗabi'arta ce da aka ƙera ta a kai, domin duk lokacin da aka taka burki aka sake tashi sai inji ya ƙona mai ya motsa wannan nauyi daga tsaye, kuma duk lokacin da aka miƙe hanya sai faɗin gabanta da tsayinta su yi ta kokawa da iska, ita kuwa turjiyar iska, in gudu ya ninka sau biyu, ninkawa take yi sau huɗu. Shi ya sa masana suka tabbatar cewa tattalin mai yakan fara zubewa da sauri da zarar an wuce kilomita 80 a sa'a, ballantana direban da ya ɗora kaya a rufin mota ya nufi Kaduna daga Kano yana taka totur iyakar ƙarfinsa.

Wajibi ne kuma mai karatu ya sani cewa alƙaluman da dillali ke nunawa a takarda an same su ne da sabuwar mota, a ɗakin gwaji, bisa tsararren tuƙi, don haka su ne haddin alherin da za a sa rai, ba abin da za a gani a zahiri ba. Motar da ta shekara goma a wata ƙasa kafin ta sauka Kwatano ko Legas, ta zo ta tarad da zafin bazara, da ƙurar hunturu mai toshe matatar iska, da cunkoson kasuwa da ramukan hanya, ba ta yiwuwa ta cika alkawarin takarda. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta bayyana cewa na'urar sanyaya mota, in zafi ya tsananta kuma tafiyar gajeriya ce, tana iya ƙara shan mai da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ta kuma ce fizgar mota da taka burki ba lissafi na iya cinye kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoso. Haka kuma injin da aka bari a kunne mota na tsaye yana ƙona lita ɗaya zuwa biyu a sa'a. Sai mai gida ya tuna sa'o'in da direbansa ke kwana a kujera da sanyi a kunne, a ƙofar makaranta ko wajen ɗaurin aure.

Akwai wata ɓarna da ake yi da sunan gyara, wadda ya kamata a yi hattara da ita. Sau da yawa bakanike yakan cire ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, yana cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce. Sai inji ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfutar motar kuwa ta ci gaba da zuba masa mai fiye da kima. Haka nan ƙyale fitilar gargaɗin inji tana ci wata da watanni, da tafiya da tayar da iskarta ta ragu, kowannensu yana da haƙƙinsa a gidan mai. Amma na'urorin da ake tallatawa cewa suna rage shan mai, na maƙalawa a tiyo ko na ɗigawa a tanki, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irinsu fiye da ɗari, ba ta sami mai fa'ida ta a zo a gani ba.

Hanyar sanin haƙiƙa kuwa mai sauƙi ce. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya sifiri, a yi zirga-zirgar da aka saba, a koma a sake cikawa, sa'an nan a raba kilomitar da aka ci da litar da ta shiga. Wanda kuma bai riga ya saya ba, ya sani cewa zamani ya kawo sassauci: LX 600 da ta gaji LX 570 da inji mai silinda shida tana cin kimanin kilomita 8 a lita, Toyota Highlander mai haɗa fetur da batir kuwa, ƙirar 2020, wadda ke ɗaukar mutum bakwai ko takwas, tana kai kimanin 15.

Malaman usulu sun rarrabe tsakanin larura da buƙata da ƙawa, kuma wannan mizani ne da ya dace mai sayen mota ya auna kansa da shi. Wanda hanyarsa rairayi ce ko taɓo, iyalinsa kuma masu yawa, babbar jif buƙata ce gare shi, ba wanda zai zarge shi; wanda Allah ya yalwata wa, halalinsa ne ya ji daɗin ni'imar, matuƙar bai kai ga almubazzaranci ba. Abin tsoro shi ne magidanci ya tattara abin da ya mallaka ya sayi motar don a gan shi, sa'an nan tanki ya riƙa cin kuɗin cefane da na makarantar yara, alhali ciyar da iyali wajibi ne, alfarmar mota kuwa ko mustahabbi ba ta kai ba. Saboda haka, ya kai mai niyyar saye, ka lissafa man shekara guda tukuna, ka gwada shi da abin da kake samu. In ya yi maka nauyi a takarda, to ka haƙura ka nemi wadda ta yi daidai da ƙarfinka.