Mazarƙwailar Agadas

Wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila a yankin Danja ya san zaƙin da ke tafe da ƙauri. A matse rake, a tafasa ruwan a kan wutar tuƙarsa, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ba ta da farin sukarin kanti, wani lokacin ma ka ci karo da ɗan tsinke a ciki, amma kana gatsa ka san daga fadama ta fito. Haka kiɗan Etran de L'Aïr yake a kunnena.

'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da 'yan uwa, daga Agadas ta ƙasar Nijar. Sun fara a 1995, wasunsu suna yara ƙanana, da jita ɗaya tal wadda ba ta lantarki ba. Gangarsu kuwa ƙwarya ce kife a kan ruwa, ana bugunta da takalmi. A gidajen biki da suna na unguwannin talakawa suka goge, inda ba wanda zai yi maka kara: in kiɗa bai tashi ba, mata su koma zaune.

Turawa kan jingina irin wannan sauti da kiɗan da samarin Amurka suka riƙa yi a garejin motar iyayensu a shekarun 1960, mai ƙara da gaggawa, ba kwalliya. Sai dai na Agadas ya fi juyi. Jita ɗaya ta kama gajeren zango ta yi ta maimaitawa, wata ta hau kanta tana yawo, mai ganga yana ƙara wuta kaɗan-kaɗan, ba ka ankara ba kafaɗarka ta soma motsi. A faifansu na farko, No. 1, wanda kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2018, har guɗa da tafi da hayaniyar 'yan kallo ana ji, lasifika kuma tana kuka in an matsa mata. Wani zai ce aibi ne. Ni a nan na ji daɗin.

Mu a nan mun saba da tatacce. Yaro a Funtua ko Malumfashi zai shiga situdiyo, kwamfuta ta buga ganga, ta goge masa murya har ta yi santsi. Ba na raina wannan. Mdou Moctar, wanda yau duniya ke ji da jitarsa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008 da irin wannan gyaran murya. Amma garin Funtua, inda Mamman Shata ya zauna, yana waƙa da makaɗan kalangu a gefensa, bai kamata ya manta yadda hannu ke amsa wa murya nan take ba.

Yanzu Etran sun fita duniya. Faifan Agadez ya zo a 2022, 100% Sahara Guitar a 2024, suna zagaya Turai da Amurka. Sautin ya ƙara fitowa fes, kowace jita da gurbinta, kuma gaskiya sun ƙware. Fargabata dai kada a tace su har ƙaurin ya tafi. A na 2024 ɗin mai ganga bai sassauta ba, amma hayaniyar 'yan kallo babu ita, kuma na yi kewarta.